Yadda ɗalibin sakandare zai koyi sana'ar ɗaukar hoto a Sakkwato ba tare da ya saki karatu ba

A Sakkwato da wuya mako ya wuce ba a yi ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani a unguwa ba, kuma yawancin masu waɗannan hidimomi suna son a bar musu abin tunawa. Kusan kowane gida akwai waya mai kyamara, amma duk da haka ana neman mai hoto, domin riƙe waya daban, iya ɗaukar hoton da za a wanke a rataye a bango daban. Ɗalibin da ke ajin farko ko na biyu na babbar sakandare yana iya shiga wannan sana'a a hankali, ya koya a ranakun hutu, ya fara samun kuɗin kashewa kafin ya gama makaranta. Sharaɗin shi ne ya bi matakan a jere, kada ya fara da neman kuɗin sayen kyamara, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu farawa.

Mataki na farko: yardar gida da tsarin lokaci

Kafin ka ɗauki hoton kowa da sunan sana'a, ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka ko wanda yake riƙonka, ka bayyana musu abin da kake son koya da inda za ka riƙa zuwa. Dalilin ya wuce ladabi kawai. Kai yaro ne da bai kai shekara 18 ba, kuma idan aka samu saɓani da wanda ya ba ka aiki, ko kayan wani suka lalace a hannunka, babba ne zai tsaya maka. Akwai kuma gidajen da ba sa son harkar hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma gara ka san matsayin gidanku tun farko da a ce an tsayar da kai bayan ka karɓi kuɗin mutane.

Ka tsara da su cewa ranakun Asabar da Lahadi, bayan an tashi daga Islamiyya, da kuma lokutan hutu su ne na hoto. Dogon hutun da ake yi tsakanin ƙarshen Yuli da Satumba shi ne babban lokacin koyo. Makon jarrabawa kuwa ba a karɓar aiki a cikinsa ko nawa za a biya.

Mataki na biyu: koyon haske da wayar da ke hannu

Wayar da kake da ita, ko ta yayanka da za ka ara, ta isa a koyi rabin sana'ar nan, domin abin da yake raba hoto mai kyau da maras kyau shi ne haske da tsayuwar mai ɗauka. Ka goge gilashin kyamarar wayar da tsumma mai laushi, ka kunna layukan da suke raba fuskar waya gida tara, sa'an nan ka saba aza idon mutum a kan layin sama maimakon ka dasa kansa a tsakiya. Kada ka sa yatsu a kan allon waya ka jawo hoto kusa, domin yin haka yana rage ingancinsa. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa.

Ranar Sakkwato tana da ƙarfi, kuma ita ce malamarka ta farko. Ka samu ƙanenka ko abokinka, ka ɗauke shi a wuri ɗaya da sanyin safiya, da hantsi, da rana tsaka, da bayan la'asar, da dab da magariba, sa'an nan ka jera hotunan ka kwatanta. Za ka ga na rana tsaka ya fi kowanne muni, saboda rana tana bisa kai, ramin idanu ya yi baƙi, hula ta jefa inuwa a goshi, mutum kuma ya tsuke fuska. Na safiya da na la'asar sakaliya su ne masu taushi, domin hasken yana zuwa daga gefe yana fitar da siffar fuska. Idan dole ce ta sa ka ɗauki hoto da tsakar rana, wanda hakan zai riƙa faruwa tun da yawancin ɗaurin aure da hantsi ko bayan Juma'a ake yi, to ka kai mutanen bakin inuwa, ƙarƙashin rumfa ko dogonyaro ko ƙofar zaure, su fuskanci waje inda haske yake. Ka lura da inuwar itace mai ratsin rana, domin tana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Akwai matsala guda da duk mai hoto a ƙasar Hausa yake fama da ita, kuma wanda ya shawo kanta ya wuce sa'o'insa. Maza suna zuwa biki da farar shadda mai sheƙi, fatarmu kuwa baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki, don haka idan farin kaya ya cika hoton sai ta rage haske, fuska ta duhunce. Idan kuma ka ƙara hasken don fuska ta fito, sai shaddar ta ƙone ta zama fari fat, aikin wuyan rigar da mai ita ya kashe wa kuɗi ya ɓace. Maganin yana wurin tsayuwa kafin ya kai ga maɓallin kyamara. Ka fitar da mutumin daga rana zuwa inuwa don tazarar da ke tsakanin farin kaya da fuska ta ragu. Ka taɓa fuskarsa a allon waya don ta auna hasken daga nan, sa'an nan ka ɗan ja hasken ƙasa har sai zaren aikin rigar ya bayyana. Daga nan ka sa wani ya riƙe babban farin kwali daga gefe, ƙasa kaɗan da fuskar, ya mayar mata da haske. Kwalin da ake sayarwa a shagon kayan makaranta ya isa. Abin da ya yi ɗan duhu ana iya farfaɗo da shi wajen gyara, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana tace rana, sai haske ya yi laushi ko da hantsi ya ɗaga. Lokaci ne mai kyau na hoton fuska, amma sararin sama yana fitowa fari fes babu armashi, don haka a rage shi a cikin hoto. Damina kuwa ita take kawo gajimare da kore a fadamar Kwalkwalawa da bakin gulbin Rima.

Mataki na uku: bin maigida

Bayan ka yi wata biyu ko uku kana wannan atisaye, ka nemi mai situdiyo ko mai ɗaukar hoton biki a kusa da unguwarku ka zama ɗan koyo a wurinsa. Mafi dacewa shi ne babba daga gidanku ya kai ka ya danƙa ka, kamar yadda ake kai yaro wurin tela ko kafinta, domin haka ne maigidan zai ɗauke ka da muhimmanci. Da farko jaka za ka riƙe, ka ɗauki fitila, ka yi cajin batir, ka kai aiki wurin wankin hoto. Kada ka raina wannan, domin a nan ne za ka ga abin da bidiyon intanet ba ya koyarwa: yadda ake jera mutum ashirin cikin minti biyu ba tare da an ɓata wa dattijo rai ba, inda mai hoto yake tsayawa lokacin da ake karanta siga, lokacin da ake sauke kyamara saboda an fara addu'a, da yadda ake magana da uwar amarya idan ta ce hotonta bai yi kyau ba.

Abu ɗaya ne yake kashe ɗan koyo, wato ya riƙa ba mutane lambarsa a wurin aikin maigidansa don ya janye masa abokan ciniki. Garin nan kowa ya san kowa, kuma labarin zai riga ka zuwa situdiyo na gaba.

Ga ɗaliba mace, akwai wata dama da namiji ba shi da ita. A kamu da sa lalle da walimar mata da suna a cikin gida, iyalai da yawa ba sa son namiji baƙo ya shiga tsakiyar matansu, kuma mata suna fi sakin jiki idan 'yar uwarsu ce take riƙe da kyamara. Idan kina da sha'awa, ki nemi mace mai sana'ar ki bi ta, ko ki fara da hidimomin dangi tare da rakiyar yayarki ko gwaggonki, kuma ki tsara tun farko wanda zai mayar da ke gida.

Mataki na huɗu: sanin kyamara kafin sayenta

A wurin maigida ne za ka fara taɓa babbar kyamara, kuma abubuwa uku ne za ka haddace. Na farko shi ne faɗin ƙofar da haske yake shiga, wanda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba kamar f/2 tana nufin ƙofar a buɗe take sosai, haske da yawa zai shiga, bayan mutum kuma zai yi dishi-dishi. Wannan ya dace da hoton mutum ɗaya. Idan jama'a ne suka jeru sahu biyu ko uku, sai a koma f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na gaba su fito tar, na baya su narke. Na biyu shi ne saurin ƙiftawar kyamara, wanda ake aunawa da kason daƙiƙa, misali 1/125 na nufin kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Mutumin da yake tsaye 1/125 ya ishe shi, yara masu guje-guje suna buƙatar 1/500, doki mai sukuwa kuwa 1/1000 ko fiye. Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin jin haske. A waje da rana 100 ake barinsa, a cikin ɗaki ko zauren biki ana kai shi 800 ko 1600, amma yawan ɗaga shi yana sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa.

Ukun nan a ɗaure suke da juna, idan ka rage ɗaya sai ka ƙara ɗaya. Akwai tsohuwar ƙa'idar da take taimakon mai farawa: a tsakar rana mai ƙarfi, f/16 da 1/100 da ISO 100 za su ba ka haske daidai, daga nan sai ka riƙa lissafi. A ƙarƙashin wasu fitilun lantarki za ka ga ratsi-ratsi a hoto, saboda wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Idan haka ta faru ka mayar da saurin ƙiftawa 1/50 ko 1/100.

A ganina bai kamata ɗalibi ya sayi kyamara ba sai ya kai matsayin da yake rasa aiki saboda rashinta. Kafin nan yana iya yin haya ta yini ɗaya ya sa kuɗin hayar a cikin farashin aikin. Idan lokacin saye ya yi, ta hannu irin su Canon 600D ko 700D ko Nikon D3200 ko D3300 ta wadatar, tare da gilashi mai 50mm f/1.8, wanda yake cikin mafi araha kuma yana fitar da fuska da kyau ko haske ya yi ƙaranci. Ka tafi da maigidanka wurin sayen. A duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, a ɗauki hoton farin bango a f/16 don a ga ko akwai ɗigon ƙura a cikinta, a haska gilashin da tocila a duba ko ya yi fumfuna ko ƙarzuwa, kuma a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar don gudun kayan sata. Batir na biyu da katin ajiya na biyu sun fi jaka mai tsada amfani.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar kayan aikinka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce maki 40, saboda haka ba a barin kyamara a cikin mota a rufe ko a kan kujerar babur a rana. Da hunturu kada ka sauya gilashi a waje. Ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi sauri. Ba a hura cikinta da baki, akwai 'yar robar busa iska da ake sayarwa don haka.

Mataki na biyar: tara aikin da za ka nuna

Ba wanda zai ba ka aiki sai ya ga abin da ka taɓa yi. Ka tara hotuna goma sha biyar zuwa ashirin waɗanda suka fi kyau, ka ajiye su a wuri ɗaya a waya, kuma duk lokacin da ka ɗauki wanda ya fi, ka cire mafi rauni. Makarantarku ita ce fili mafi sauƙi. Ka nemi izinin shugaban makaranta ta hannun malamin ajinku ka ɗauki gasar wasanni ta gidaje, da muhawara, da bikin yaye ɗalibai. Haka Islamiyyarku idan ana musabaƙa, wadda take da tushe a garin nan, domin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta fara shirya gasar ƙasa a 1986.

Gari kuma cike yake da abin ɗauka. Akwai dukawa masu aikin jar fatar akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙasashen waje, akwai masu albasa daga Wurno da Kware da Goronyo, akwai Kasuwar Kara idan Babbar Sallah ta gabato, akwai dawakin da suke raka Sarkin Musulmi ranar idi. A duk waɗannan wurare gaisuwa ce take buɗe ƙofa. Ka durƙusa ka ce: "Baba, sannu da aiki. Ni ɗalibi ne ina koyon ɗaukar hoto, ko za ka yarje mini in ɗauki hannunka kana wannan ɗinki?" Idan ya ƙi, ka yi godiya ka wuce. Idan ya yarda, ka nuna masa hoton, in da hali ka wanko masa ɗaya ka kawo. A Hubbaren Shehu da fada da masallatai sai ka tambayi masu kula da wurin kafin ka fito da kyamara. Barikin soja da shingen jami'an tsaro da filin jirgi ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan. Kuma a halin rashin tsaro da hanyoyin gabashin jihar suke ciki, aikin da zai fitar da kai ƙauye sai da sanin gida da rakiyar babba.

Mataki na shida: aikin kuɗi na farko

Kada ɗaurin aure ya zama aikinka na farko kai kaɗai, domin ba a maimaita shi idan hoto ya lalace. Ka fara da abin da za a iya sake ɗauka: hoton Sallah na yaran maƙwabta, hoton ɗalibai 'yan ajin ƙarshe, da hoton kaya ga matan da suke sayar da atamfa da abaya da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram. Na ƙarshen nan ya fi dacewa da ɗalibi, tun da taga mai haske da farin ƙyalle kawai yake buƙata, kuma mai kaya tana dawowa duk sanda ta yi sabon sari. Sai dai launin atamfa ya fito yadda yake a ido, domin idan mai saye ta ga bambanci, mai kayan ce za ta sha faɗa, kai kuma ka rasa ta.

Wajen yanke farashi, ka rubuta duk abin da aikin zai ci: kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, hayar kyamara, data, cajin batir idan babu wuta, da kuɗin wanki. A kan wannan ka ɗora ladan lokacinka, har da sa'o'in da za ka yi kana gyara a gida, waɗanda masu farawa suke mantawa da su. Ka tambayi maigidanka abin da ake karɓa a gari, ka tsaya ƙasa da shi kaɗan saboda kai sabo ne, amma kada ka karya farashi har ka ɓata wa masu iyali kasuwa. Ka karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sa'an nan ka aika saƙo a rubuce wanda ya ƙunshi rana da wuri da lokaci, adadin hotunan da za ka gyara, nawa za a wanke, ranar da za ka miƙa aiki, da cikon da ya rage. Misali: "Hajiya, ina wuni. Kamar yadda muka yi magana, zan zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu, zan kawo hotuna talatin gyararru ranar Laraba in sha Allahu, cikon kuɗin kuma sai ranar da na kawo." Dangi za su nemi kyauta, kuma babu laifi ka yi wa goggonka aiki a kan zumunci, amma ka faɗa mata kuɗin wanki da na mota nata ne. Kuɗin da ka samu ya fi kyau ya shiga asusun da iyayenka suka sani, ka kuma ware kaso ɗaya na sayen kayan aiki.

Mataki na bakwai: gyara, miƙa aiki da riƙe amana

Da ka dawo daga aiki, kafin komai ka kwafe hotunan zuwa wuri biyu, misali kwamfuta ko waya da kuma ma'ajiyar intanet ta Google Drive, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta. Ba a goge katin ajiya sai an tabbatar kwafin ya buɗe. Daga nan ka tace: wanda aka rufe ido, wanda ake tauna abinci, wanda mayafi ya zame, duk su fita. Manhajojin Snapseed da Lightroom na waya sun isa gyara. Ka daidaita karkatar hoto, ka rage hasken farin kaya, ka ɗaga inuwar fuska kaɗan, ka tsaya nan. Ɗabi'ar nan ta mayar da baƙar amarya fara sol har danginta su kasa gane ta ba gwaninta ba ce, ko da wasu suna nemanta. Idan an matsa maka, ka nuna gyara biyu a zaɓa.

Idan za ka aika ta WhatsApp, ka tura hoton a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse shi ya rasa inganci. Idan wankewa za a yi, ka tuna cewa hoton inci 4 da 6 ya yi daidai da siffar da babbar kyamara take ɗauka, amma na inci 8 da 10 sai an yanke masa wani sashe, saboda haka tun wajen ɗauka ka bar sarari a saman hula da gefen mutanen ƙarshe.

Hotunan da ke hannunka na matan mutane ne da 'ya'yansu, kuma a Sakkwato hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba yana iya jawo rigimar da za ta kai ga iyaye da mai unguwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta amince cewa mai ɗaukar hoto yana da haƙƙi a kan aikinsa, amma ta kuma ba wanda ya sa aka ɗauke shi don amfanin kansa da iyalinsa damar hana a yaɗa hoton. Saboda haka ba ka sa hoton kowa a shafinka sai ka tambaya a fili, kuma idan na yaro ne sai iyayensa sun yarda. Ka sa wa wayarka makulli, kada ka bar abokai suna leƙa hotunan biki, kada kuma ka tura wa saurayi hoton ƙawar amarya don ya roƙe ka. Idan za ka kai waya gyara, ka kwashe aikin mutane daga ciki tukuna.

Shekarar ƙarshe ta makaranta

Idan ka shiga aji na uku na babbar sakandare, ka rage karɓar aiki tun daga zango na biyu, domin JAMB da WAEC da NECO suna biyo juna har zuwa wajen Yuli. Ka sanar da waɗanda suka saba ba ka aiki tun da wuri, ka haɗa su da maigidanka ko wani abokin sana'a da ka yarda da shi, ka faɗa musu watan da za ka dawo. Bayan ka gama jarrabawa kuma ka cika shekara 18, kana iya yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusun banki da shi, abin da makarantu da ƙungiyoyi suke yawan tambaya kafin su ba mutum aikin ɗaukar taronsu.